Yadda Ake Gyara Tsohon Gado, Kujera da Tebur

Iyalai da yawa sun iso Duwala ba su da komai sai tabarma da ƙullin kaya. Da zarar an samu ɗakin haya a New Bell ko a wata unguwar Hausawa, buƙata ta gaba ita ce abin kwanciya da abin zama, musamman da yake ruwa kan shiga ɗakuna da damina. Sabon kaya yana da tsada. Na hannu kuwa ana samunsa a shagunan da ake kira burokant, da wurin kafintoci, da hannun maƙwabcin da zai tashi. Da ɗan aiki kaɗan zai yi shekaru yana amfani. Amma kafin ku biya kuɗi, ku duba abubuwa uku.

Na farko: irin katakon

Ku ɗaga kayan ku ji nauyinsa. Iroko da sapeli suna da nauyi da ƙarfi, kuma gara ba ta cin iroko da sauƙi. Ayus fari ne, mara nauyi, ya fi araha, amma ƙwari suna sonsa. Wanda za ku guje wa shi ne allon da aka yi da garin katako da gam, wanda ake kira agulo. Yawancin kabad da ake kawowa daga Turai da shi aka yi su. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, kuma idan agulo ya sha ruwa sai ya kumbura ya marmashe. Ba ya gyaruwa.

Na biyu: ƙwari

Ku haska tocila a mahaɗar katako da ramukan ƙusa. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce. Ƙananan huji masu zubar da gari kamar fulawa suna nuna akwai ƙwaro a cikin katakon. Ku ƙwanƙwasa ƙafafun: idan sun yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikin, ku bar shi komai arahar sa.

Kuɗin cizo da ƙwansa ba sa jure zafi. Ku kwance gadon a waje, ku kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa, ku goge da burushi da sabulu, ku shanya ya bushe sarai. A maimaita bayan mako ɗaya. Kada ku zuba fiya-fiya a ɗakin da ake kwana, domin guba ce mai iya kashe yaro. Tsohon soso da tsohon yadin kujera kuma a cire a jefar.

Na uku: tsohon fenti

Wannan shi ne haɗarin da ido ba ya gani. Tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya da kore, yakan ƙunshi dalma. Mutane da yawa suna tuna yadda gubar dalma daga wuraren haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Wadda ke cikin fenti ma, ƙurarta kaɗan tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta. A 2017 gwamnatin Kamaru ta kafa doka ta taƙaita dalma a fenti, sai dai kayan da aka shafa kafin lokacin suna nan a kasuwa.

Don haka, idan fentin bai ɓare ba, ku wanke shi kawai ku shafa sabo a kai. Idan yana ɓarewa, ku jiƙa shi da ruwa kafin ku goge, don kada ƙura ta tashi. A yi aikin a waje bisa leda, nesa da murhu, a nisantar da yara da mata masu ciki. Kada a ƙona fenti don cire shi, kada kuma a yi girki da katako mai fenti. In an gama, a naɗe ledar a zubar, a wanke hannu da kayan jiki.

Yadda ake gyaran

1. Ƙafar da ke girgiɗi a zare ta, a kankare tsohon gam, a sa farin gam na kafinta. A ɗaure da igiya ko robar tayar babur har kwana ɗaya.
2. Tsaga da ramuka a cike su da garin katako da aka kwaɓa da gam.
3. A goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan mai laushi, lamba 180, ana bin tsawon katakon.
4. A share ƙura da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe.
5. A shafa fenti ko man ƙyalli da ake kira berni, siriri-siriri sau biyu. Kada a manta ƙarƙashin ƙafafu, ta nan danshi ke shiga.
6. Mazaunin kujera a sa masa sabon soso, a rufe da ragowar atamfa daga teloli irin na Kasuwar Kwango, a kafe da ƙananan ƙusoshi.

Lokacin da ya fi dacewa da fenti shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. A Yuli da Agusta yakan yi kwanaki bai bushe ba. Bayan an shigar da kayan, a ɗora ƙafafunsu bisa bulo, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango saboda funfuna.

Ba sai kowane gida ya sayi guduma da zarto da burushi ba. Gidaje uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya, su raba gwangwanin fenti ɗaya. Matasa su tsaya kusa su koya, domin wanda ya iya gyara kujerar gidansu, gobe maƙwabci zai kawo masa tasa ya biya shi.

Idan yaro ya saba cin ɓawon fenti, ko yana yawan ciwon ciki da kasala, ku kai shi asibiti mafi kusa, ku gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya ci. Allah ya tsare mana iyalanmu.