Takun na bisa, rashin barcin na ƙasa

A birnin Pari na ƙasar Faransa, dubban gidajen bene da aka gina zamanin Haussmann, tsakanin shekara ta 1853 da ta 1870, daɓensu na katako ne. Gidaje ne masu tsada, amma wanda ke zaune ƙasa shina jin duk motsin maƙwabcinsa na bisa: takun takalmi, jan kujera, gudun yara. Wani lokaci maganar har gaban alƙali take zuwa, musamman in na bisa ya ɗebe darduma ya bar katako tsirara.

Ƙarar iri biyu ce. Akwai wadda iska ke ɗauka, kamar magana ko rediyo, akwai kuma wadda ke bin jikin ginin, wato ta taku. Ta biyun ita ce mai wuyar magani. Dalili kuwa, katako ba shi da nauyi, kuma tsakanin daɓen na bisa da rufin na ƙasa akwai sarari wanda babu komi ciki sai iska. Ke nan an yi ganga, ƙafa ta zama makaɗi.

Mutane da yawa sukan cusa audugar gilashi cikin sararin nan, su ce sun gama. Tana rage ƙarar magana, gaskiya ne, amma taku ba ruwansa da ita, don ta cikin itatuwan da ke ɗauke da daɓen shike bi. Dabarar gaskiya ita ce a raba daɓe da itatuwan: a shimfiɗa roba mai kauri, a aza sabon daɓe bisanta, a bar ɗan fili kamar santimita 1 tsakaninsa da bango. Nan ne kafinta mai gaggawa ke ɓata aiki. Ƙusar da ya buga ta ratsa robar ta buɗe wa ƙara hanya, kuɗin mai gida sun tafi banza.

Sai kuma nauyi. Akan zuba busasshen yashi ko a ƙara allunan filasta, amma sai injiniya ya tabbatar itatuwan za su ɗauka. Maginan Damagaram, da ke jera azara su danne ta da ƙasa mai kauri, sun daɗe da ba soronsu wannan nauyi.

Dokar Faransa ta ranar 30 ga watan Yuni 1999 ta ce kada ƙarar taku ta wuce desibel 58 a ɗakin maƙwabci. Sai dai sababbin gine-gine ta shafa. A tsofaffin gidaje, na bisa ne ke da daɓen, na ƙasa ne ke shan wahala, kuma gardamar takan tsaya bisa wanda zai biya kafinta.