Hutun haihuwa: Takardar likita da ke kare aikin masu juna biyu a Rafin Guza

Kowace safiya mata na fitowa daga Rafin Guza, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, zuwa neman abinci: malaman makarantun kuɗi, masu zuba mai a gidajen mai, masu aiki a kamfanonin ruwan leda, da masu tsaron shago a Kawo. Cikinsu akwai masu juna biyu da ke wuni a tsaye, ƙafa a kumbure, amma tsoron kora ya hana su neman sassauci.

Alhali doka ta ba su mafita, kuma mabuɗinta yana hannun likita.

Abin da doka ta ce

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaciya damar tsayar da aiki idan ta kawo takardar likita mai rajista da ke nuna ana sa ran za ta haihu cikin mako shida. Bayan haihuwa kuma, an haramta sa ta aiki sai ta cika wasu mako shida, wato kusan daidai da arba'in ɗin jego. Idan ta yi wata shida ko fiye a wurin aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. Na tarayya suna da mako 16, yayin da a 2019 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta mayar da na ma'aikatan Jihar Kaduna wata shida.

Inda gizo ke saƙa

Dokar ta ambaci likita ne, amma a ƙananan asibitocin unguwa galibi ungozoma ko jami'in lafiya ke yin awo. Don haka ya kamata mai duba mace ya tura ta tun da wuri inda likita zai sa hannu, kamar Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ba sai ciki ya tsufa ba.

Kafin nan, akwai tambayar da ta kamata a yi tun ranar awon farko: "Wane aiki kike yi?" Kunya kan hana mata da yawa kawo maganar da kansu. Daga amsar ne za a gane ko tana ɗaukar kaya masu nauyi, ko shaƙar tururin fetur, ko aikin dare.

Yadda takardar za ta yi amfani

Rubuta "a rage mata aiki" kawai kan bar ƙofa a buɗe: mai wurin zai iya cewa ba shi da aiki mai sauƙi, ya sallame ta. Takarda mai kyau kan fara da cewa matar za ta iya ci gaba da aikinta, sannan ta fayyace buƙata: kujerar zama, damar shan ruwa da zagayawa, daina ɗaukar nauyi, da izinin zuwa awo, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kai aƙalla sau takwas. A kuma sa ranar da sassaucin zai ƙare, ba tare da tona sirrin ciwonta ba sai da yardarta.

Idan hawan jini ko zubar jini ya sa hutun ya zarce, nan ma takardar likita ce garkuwa, domin dokar ta hana ba ta takardar kora a lokacin da aka ƙayyade.

Ga masu sana'ar kansu, irin su tela da mai tuyar ƙosai, babu shugaban da za a kai wa takarda. A nan, bayanin likita ga maigida da sauran mutanen gida shi ke samar mata hutu.