Shirin Musamman: Wanki Kafin Fenti, Kula da Bodin Tarakta, Amalanke da Tamfol a Kura da Bunkure

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ba batun iri ko farashin kwandon tumatir muka ɗauko ba. Za mu duba abin da ke ɗaukar irin da takin da kwandon gaba ɗaya, wato bodin da tarakta ke ja, da amalanken shanu, da tamfol ɗin da ake lulluɓa musu, musamman waɗanda aka saya na hannu. Matsayin shirin guda ɗaya ne: duk wanda ya sayi irin wannan kaya, ruwa da burushi ya kamata ya fara nema kafin mai fenti, domin wanki ne ke nuna inda gyara yake, fentin da aka shafa a kan dauɗa kuwa ɓoye ɓarna kawai yake yi har ta girma.

Dalilin da ya sa maganar ta fi shafar wannan yanki yana cikin tarihinsa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonaki. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da wannan aikin ban-ruwa, kuma kashin farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Sakamakon haka, ƙasar yankin nan ba ta san hutu ba. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara. A garuruwan da ke jiran ruwan sama kaɗai, amalanke yakan yi wata shida ko bakwai yana tafiya a busasshiyar ƙasa. A Kadawa ko Karfi kuwa, taɓon da zai taka a watan Agusta shi zai sake takawa a watan Janairu. Yau yana kai taki gona, gobe yana kai kwanduna Kwanar Gafan, jibi yana sauke shanshera a ƙofar masu injin casa a Kura. Ƙarfen da ke irin wannan aiki ba zai yi tsawon rai da kulawar da ake yi wa na tudu ba.

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, kuma gwargwadon daɗewar danshin, gwargwadon cin da take yi. Ruwan sama da ya doki bodi, rana ta fito ta busar, ɓarnarsa kaɗan ce. Wanda ke kashe ƙarfe shi ne ruwan da taɓo ya riƙe a lungu, ƙarƙashin daɓen bodi, tsakanin ganyen sifirin, da kusurwar da aka yi walda, inda laka ke kwana da danshi alhali samanta ya bushe. A kan wannan sai a ƙara taki. Yuriya tana jawo danshi daga iska ta narke, takin NPK kuma galibi yana ɗauke da wani nau'in gishiri da ke hanzarta tsatsa ƙwarai. Buhu ɗaya ya huje, ƙwayoyin suka gangara cikin tsaga, raɓar asuba ta sauka, shi ke nan an jiƙa ƙarfe da ruwan gishiri ba tare da kowa ya sani ba. Ruwan tumatir da ke tsiyaya daga ƙasan kwando shi ma yana da tsami, kuma tsami abokin gabar ƙarfe ne da katako. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ko a ma'aunin duniya. Wani bincike da ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa na cinye kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, kuma ana iya tsare kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari na wannan asara da hanyoyin da aka riga aka sani. Na farko a cikin hanyoyin, kuma mafi araha, shi ne raba ƙarfe da abin da ke riƙe masa danshi.

Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, sabon ƙarfe da taya da tamfol sun yi tsadar da ta tura manoma da yawa wajen na hannu. Babu aibi a nan, amma akwai tarko. Mai sayarwa ya san ido ke fara ciniki, don haka sau da yawa za ka tarar da bodi yana sheƙi da sabon fenti. Mai saye mai hankali, sabon fenti a tsohon bodi tambaya ya kamata ya tayar masa. Ya nemi a wanke a gabansa, ciki da waje da ƙasa, a kankare busasshiyar laka da itace, a goge da burushin waya, a bar shi ya bushe a rana. Bayan nan ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi daɓen da ƙarafan da ke ɗauke da bodin yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji muryarsa ta dushe, wani lokaci ma ɓawo ya zubo. Ya duba wuyan da ake ɗaurawa a tarakta, domin nan ne nauyin ja ke taruwa, nan kuma tsagewa ta fi haɗari. Ya ɗaga kowace taya ya juya ya girgiza, in ta yi gurnani ko ta yi lilo, boris ya gaji. A jikin tayar mota akwai lambobi huɗu a jere da ke faɗin makon da aka yi ta da shekarar. 2318, alal misali, mako na 23 ne na 2018. Tayar da ta haura shekara shida abar sa wa ido ce ko da zanenta bai goge ba. Duk wannan ba ya ganuwa a ƙarƙashin laka, kuma kowace ɓarna da wanki ya tona, kuɗi ne da za a rage a ciniki.

Gyaran kansa yana da jeri, kuma saɓa jerin shi ke jawo gyaran gangar Auzinawa. Inda ƙarfe ya ruɓe, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen har sai ya kai lafiyayye, sannan ya sa sabon falle. Ɗora faci a kan tsatsa yana samar da aljihu ne tsakanin ƙarfe biyu inda ruwa zai kwanta. Inda aka sami tsaga, a huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta kafin walda, don kada ta ci gaba da tafiya. Kada a kuskura a yi wa rim walda da taya a jikinsa, domin zafin kan sa tayar ta fashe, kuma an sha rasa rayuka ta haka. Bayan walda a goge da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a share ƙura, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bar shi ya bushe, sannan a bi da fentin mai. A ƙasan bodi ake fara kashe fenti, ba a gefen da mutane ke gani ba. A huda ramuka a kusurwoyin daɓe don ruwa ya sami mafita, a wanke boris da kananzir a cika shi da sabon giris, a canza duk katakon da ya yi taushi. Ƙarfe da noti da fenti duk ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, masu walda kuma ga su nan a bakin titin Zariya.

(Kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na musamman, yanzu kuma ga batun tamfol. A Amurka da Turai akwai wata ƙaramar tirela da mota ke ja, a naɗe take kamar akwati, in an isa daji a buɗe ta zama ɗakin kwana mai bangon tanti. Masu ita suna da ƙa'idoji biyu da ba sa wasa da su: ba a naɗe tanti da danshi a ajiye, kuma duk shekara sai an buɗe boris an sabunta giris. Mu ba yawon shaƙatawa muke yi ba, amma aikin da tamfol ke yi mana ya fi nasu yawa. Shi ne rufin kaya a hanya, shi ne rumfar mai gadi da 'yan ƙwadago lokacin girbi, shi ne kuma shimfiɗar shanyar shinkafa, wadda sai danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari take jure ajiya. Tamfol ɗin da aka naɗe da raɓa a jikinsa, cikin 'yan kwanaki fumfuna za ta kama shi, zaren ɗinkin ya ruɓe, warin kuma ya bi hatsi. Wankinsa ruwa ne da sabulu mai sauƙi da burushi mai taushi. Fetur yana cinye robar da ke jikinsa, omo mai ƙarfi kuma yana wanke maganin da ke hana na yadi yoyo. A shanya shi fuska biyu har ya bushe ƙarau. Ƙaramar huda a lika ta tun tana ƙarama, da ƙyallen irinsa, a zagaye kusurwoyin facin don kada ya ɓamɓare. Rana ita ce ke busar da na leda har ya riƙa karyewa, saboda haka in ba aiki yake ba a naɗe shi a inuwa, a bisa katako, nesa da ɓera. Wanda ya sayi na hannu kuma bai san me aka taɓa rufewa da shi ba, kada ya shanya abinci a kai. Tamfol ɗin da ya taɓa maganin feshi, wanki ba ya mayar da shi shimfiɗar hatsi.

To, wani manomi zai ce: Malam, ni da nake tseren kai tumatir kasuwa kafin rana ta ɗaga, ina na ga lokacin wanke amalanke? Wannan magana ce mai nauyi, kuma shirin bai ce a yi wanki da sabulu kullum ba. Abin da ake nema shi ne shara da bokiti biyu na ruwa duk ranar da aka ɗauki taki ko tumatir, sannan cikakken wanki da dubawa sau biyu a shekara, bayan girbin shinkafar damina da bayan kwashe amfanin rani. A auna wannan da ranar da wuyan bodi zai karye da kwanduna a kai, a tsakiyar hanyar gona, cikin zafin watan Maris. Tumatir ba ya jiran mai walda. Lokacin da aka ƙi bayarwa da ganin dama, shi ake bayarwa dole a ranar da ya fi tsada.

Wani kuma zai ce: ai mu baƙin mai muke shafawa, tsatsa ba ta kamawa. Gaskiya ne mai yana korar ruwa na ɗan lokaci, shi ya sa dabarar ta daɗe. Amma ƙurar hunturu tana manne masa ta zama ɓawon da ke rufe tsaga, fenti ba ya kama wurin da ya sha shi, yana lalata roba da taya, kuma yana ɗauke da dattin inji da bai kamata ya kusanci buhun abinci ba. Giris a inda ƙarfe ke juyawa, fenti a inda yake tsaye, wannan shi ne rabon da ya dace.

Ƙorafi na uku ya fi sauran ƙarfi. Za a ce: in kun sa mutane wanki, ai a bakin kanal za su yi, mai da taki da guba su koma ruwan da ake shayar da gonaki da dabbobi. Wannan tsoro yana kan hanya, domin ruwan da ya wuce gonar wani shi ne ke shiga ta maƙwabcinsa, shiga ruwan kanal kuma hanya ce ta kamuwa da tsargiya. Sai dai maganin ba barin wanki ba ne, sauya wurinsa ne. A ɗebi ruwa a jarka ko a ja da tiyo, a wanke a busasshen fili nesa da kanal da rijiya, inda ƙasa za ta shanye. Aikin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya kashe maƙudan kuɗi wajen gyara waɗannan magudanai da ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Waɗannan ƙungiyoyi su suka fi dacewa su ware wurin wanki a kowane sashe, su kuma hana yi a bakin ruwa. Haka nan kayan haya da na ƙungiya, waɗanda suka fi saurin lalacewa saboda kowa na cewa ba nasa ba ne, a sa sharaɗi tun ranar karɓa: a share aka ba ka, a share za ka mayar.

Saboda haka, mai shirin sayen bodi ko amalanke ko tamfol na hannu a wannan kaka, ya riƙe jerin nan: a wanke, a busar, a duba, a yi ciniki a kan abin da aka gani, a gyara, fenti ya zo a ƙarshe. Dillalin da ya ƙi yarda a zuba wa kayansa ruwa, ya riga ya ba ka amsar da kake nema.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba da damina mai albarka da rani mai riba, Ya tsare mu a hanya da gona. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)