Raunin Ƙwaƙwalwa Da Masu Jinyarsa

Sau da yawa mutum yakan faɗo daga kan babur, ko shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya yi makonni a asibiti har ƙafa ta taka, harshe ya saki, dangi su yi hamdala su kai shi gida, sa'an nan sannu a hankali a lura ba ya riƙe saƙo, ba ya gama abin da ya soma, idan ma ya tashi alwala sai tartibinta ya rikice masa. Jama'a sukan ce gardama ce, ko shafar aljanu, alhali kuwa illa ce a ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangarenta na goshi, inda tsara al'amura da kame kai suke.

Akwai ma'aikatan lafiya da wannan fanni ya rataya a wuyansu, su ne masu jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a Amurka tun 1917. Sukan fara da gajeren gwaji, irin na Montreal mai maki 30, amma ba sa wadatuwa da shi, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: a 1991 masu bincike Shallice da Burgess sun ba da bayanin majiyyata uku waɗanda suka yi fice a jarrabawar basira bisa takarda, amma da aka tura su titin kantuna a Landan da 'yan aike kaɗan da sharuɗɗa masu sauƙi, sai suka karya sharuɗɗan, aiken ma bai cika ba. Saboda haka masanin wannan fanni yakan ce wa majiyyaci ya haɗa shayi, shi kuwa ya koma gefe ya zuba ido, ya ga ko zai jera kayan bi da bi, ko zai tuna ya kashe wuta, ko zai farga da kuskurensa ba a faɗa masa ba. Da irin wannan lura ne ake gane wanda rauni ya taɓa masa gefen dama na ƙwaƙwalwa, domin yakan cinye abincin da ke dama cikin kwano ya bar na hagu, ga idonsa lafiya lau.

Magani kuwa aikin ne da kansa, ana gutsuttsura shi ana maimaitawa, tare da dabarun cike giɓi kamar littafin tunatarwa, da ƙararrawar waya, da ajiye kowane abu a mazauninsa ɗaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda masu bincike Baddeley da Wilson suka nuna a 1994, cewa mai tsananin mantuwa ya fi koyo idan ba a bar shi ya yi kuskure ba, domin kuskuren yakan zauna masa, gyaran kuwa ya ɓace. Wannan yana yi wa dangi wuya, su da suka saba tsayawa a kansa suna cewa, "Baba, wane ne ni?" Masani sai ya koya musu su shigo da sallama su faɗi sunansu tun bai fara lalube ba.