Me Ya Sa Katin Wutar Ka Ke Ƙarewa Da Wuri? Ga Yadda Lissafin Band Yake

Duk wanda ke zaune a gidan haya a Agege, Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan ya san wannan kukan mitar da ke tashin mutum cikin dare. Jiya-jiya aka haɗa kuɗi aka sa kati, yau har ta fara ƙara. Sai a hau zargin juna, wai mai ɗakin ƙarshe yana jona hita a ɓoye. Sau da yawa ba laifinsa ba ne, layin da aka ɗora gidanku a kai ne.

Hukumar NERC ta raba masu shan wuta gida biyar bisa awoyin da aka yi musu alkawari a rana: Band A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. A watan Afrilun 2024 aka janye tallafin gwamnati daga Band A, yunit ɗaya ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 209 da 'yan kai. Ka lissafa da kanka. Katin dubu biyar da a da yake ba ka kusan yunit 70, yanzu ko 25 bai kai ba, ga harajin VAT a sama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a duba aljihun mutum wajen raba tallafin, layi ake dubawa. Tela mai keke ɗaya ko mai shayi da ke haya kusa da babban titi, in layinsa ya bi ta wajen kamfanoni, shi kenan ya zama ɗan Band A, zai biya kuɗin masu kuɗi. Wani attajiri kuwa yana can a Band C yana shan tallafi da na'urar sanyaya ɗaki uku.

Akwai rangwamen da aka ware wa talaka mai shan yunit 50 ko ƙasa a wata. To amma gidan da ɗakuna goma ke kan mita ɗaya, yaushe zai tsaya a 50? Namu mutanen galibi a irin waɗannan gidaje suke.

Ka duba rasit ɗin katinka, zai nuna kuɗin yunit da abin da aka cire. Wani lokacin bashin tsohon ɗan haya ake zarewa a hankali. Sannan ku riƙa rubuta awoyin wuta a littafi kullum, don ƙa'ida ta ce layin Band A da ya kwana bakwai a jere bai cika awa 20 ba, a sauke shi. Ku kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin wuta, ku karɓi shaidar sun amsa. In sun yi shiru, a jihohi irin Legas da Enugu yanzu akwai hukumar lantarki ta jiha, can za ku nufa, kuma ya fi kyau ku tafi a ƙungiyance tare da Sarkin Hausawan unguwa.