Me ya sa tukunyar gas ke gumi, kuma ba a cika ta maƙil?

Duk wanda ya taɓa girgiza tukunyar gas ya ji wani abu na motsi a ciki kamar ruwa. Ruwan ne kuwa. Butane, wanda shi ne kaso mai yawa na gas ɗin girki, yana tafasa tun a sanyin ƙanƙara, kusan digiri sifili. Matsin cikin tukunya ne kaɗai ya riƙe shi a ruwa. Wato kullum a bakin tafasa yake: da ka kunna, sai wani sashe ya koma iska.

Tafasa kuwa sai da zafi, kuma daga jikin ƙarfen yake zuƙo shi. Shi ya sa za ka ga tukunyar mai shayi a Nyanya ko Kubwa, in ta daɗe tana aiki, ta yi sanyi har raɓa ta kwanta daidai inda ruwan ya tsaya. Ba yoyo ba ne. Amma masu matsar da ita kusa da wuta wai don ta ƙara ƙarfi, wallahi ganganci suke yi.

Haɗarin yana wajen zafi. A watan Maris zafin Abuja kan kai digiri 37, cikin but ɗin mota kuwa ya wuce haka nesa. Ruwan gas yana kumbura fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, don haka ake tsayawa a kusan kashi 80 cikin 100, a bar masa wurin numfashi. Mai roƙon "ɗan ƙara min" wurin cikawa, wannan filin yake cinyewa.

In lita ɗaya ta kufce, tana zama iska kusan lita 250, mai nauyi, da ke kwanciya ƙasa. 'Yan uwa masu kwana da tukunya a shago, a Agege ne ko Sabon Ibadan, a ajiye ta tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa.