Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazarin Kuɗin Goro a Aikin Tsaro a Kwarin Rima

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ɗabi'ar zargin mutum da laifi saboda ƙabilarsa ko harshensa ko suturarsa, wadda a nan aka kira ta kuɗin goro. An ɗora bayanin a kan abubuwan da suka faru a jihohin Kebbi da Sakkwato da Edo, aka auna su da dokokin Nijeriya da wata shari'a ta Amurka. Maƙalar ta nuna cewa ɗabi'ar ta saɓa wa adalci, kuma tana raunana tsaron da ake fakewa da shi.

1.0 Gabatarwa

Fadamar Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, mahaɗa ce ta manomin shinkafa da masunci da makiyayin da ke gangaro da shanunsa da rani. Bakabe da Bafillace da Bazabarme da Ba'are sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, wadda ke cikin masarautar Argungu. A irin wannan hali tsoro kan sa a riƙa kallon duk baƙon fuska da idon tuhuma. Tambayar ita ce: ya dace jami'in tsaro ko ɗan banga ya tsare mutum don kawai ya yi kama da waɗanda ake nema?

2.0 Siffantawa da Kuɗin Goro

Wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu. Idan shaida ya ce wanda ya kore masa shanu dogo ne, mai tabo a goshi, ya bi ta hanya kaza a kan jan babur, wannan siffantawa ce. Tana nuni ga mutum guda da laifi guda. Idan kuwa aka ce a sauke duk mai sanda da malfa daga mota, to an bar neman mai laifi an koma tuhumar al'umma.

Masu kare wannan ɗabi'a kan kafa hujja da cewa sanannun jagororin 'yan bindiga, irin su Bello Turji, Fulani ne. Kuskuren yana cikin juya maganar. Ko da mafi yawan 'yan bindigar wani daji sun fito daga ƙabila ɗaya, hakan bai nuna mafi yawan 'yan ƙabilar 'yan bindiga ba ne. A ƙaddara yanki mai makiyaya 10,000, a cikinsu 100 ne ɓarayi. Jami'in da ke tsare mutane bisa kama kaɗai zai wulaƙanta mutum 99 kafin ya dace da ɓarawo ɗaya, ɓarawon kuwa da ya gane abin da ake dubawa sai ya sauya riga ya wuce.

3.0 Matsayin Doka

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Sashe na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga a ko'ina cikin Nijeriya, na 36(5) kuma ya ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta fi fitowa fili: sashenta na 54 ya ce launin fata da shekaru da gyaran gashi da sutura, da kuma ɗaukar cewa wasu jama'a sun fi wasu aikata laifi, ba sa zama dalilin zargin da zai halatta bincike. Ke nan giɓin yana wajen aiwatarwa, musamman a ƙauyukan da ɗan sa-kai ya maye gurbin ɗan sanda.

4.0 Abin da Kuɗin Goro Ya Haifar

A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa a jihar Sakkwato. Cikin watan nan 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, Dokta Murtala Ahmed Rufa'i ya lissafa kisan gillar 'yan sa-kai cikin abubuwan da suka rura wutar ta'addanci a Zamfara. Dalilin a sarari yake. Makiyayi shi ya san daji da burtali da mashaya, shi ke fara ganin sawun baƙi. Ranar da ya tabbata cewa kai rahoto zai ja masa kamu, sai ya kama bakinsa, ɗansa kuma da aka daka a kasuwa ya zama abin farautar masu ɗaukar mayaƙa.

Bahaushen da ke yi wa Bafillace wannan awo a gida, da shi ake auna shi a kudu. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a Uromi ta jihar Edo, suna dawowa daga Fatakwal domin Sallah. An ga bindigoginsu na farauta, aka yanke cewa masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 ba tare da an kai su gaban alƙali ba.

Inda aka ƙididdige wannan aiki ma, sakamakon bai goyi bayansa ba. A shari'ar Floyd da birnin New York ta 2013, an nuna cewa 'yan sanda sun tsayar da mutane sau miliyan 4.4 tsakanin 2004 da 2012. Kashi 52 cikin ɗari baƙaƙe ne, kashi 10 farare, kuma kashi 88 an sallame su ba tuhumar komai. An sami makami a jikin kashi 1.0 na baƙaƙen da aka tsayar, a farare kuwa kashi 1.4. Mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin mulkin Amurka.

5.0 Kammalawa

Abin da ya halatta zargi shi ne aikin mutum da sahihin bayani a kansa. Saboda haka ya kamata a riƙa rubuta sunan duk wanda aka tsayar a shinge da dalilin tsayar da shi, domin a iya bin diddigi. Ya kamata ƙungiyoyin banga su kasance ƙarƙashin 'yan sanda, a sa makiyaya a cikinsu, a kuma zaunar da arɗo tare da hakimi a kwamitocin tsaro na masarautun Gwandu da Argungu. Ga masana Hausa kuma akwai aiki: a nazarci yadda kalmar “Fulani” ke neman zama kishiyar “mutanen gari” a bakin jama'a da kafofin labarai, domin tun a harshe ake fara yanke wa mutum hukunci kafin a kai ga shinge.